Tsutsa Biyu a Kabejin Yaya

Tun da likita ya ce ƙurajen da ke fitowa a jikin Ɗigo ba sa rasa nasaba da maganin feshin da ke kan kayan lambu, girki a gidanmu ya zama aiki. Ɗigo 'yar yayata ce, ko makaranta ba ta isa shiga ba. Idan abin ya motsa mata, sai ta yi ta susa har bayan gwiwarta ya yi jini. Mijin Yaya direban babbar mota ne, ba ya zama, don haka ni ne namijin gida, duk da Yaya ta ce namijin da ba ya iya zama wuri ɗaya har shayi ya huce ba namiji ba ne, iska ce.

Mun je kantin da ake sayar da kayan lambun da ba a yi wa feshi ba. Yaya ta ɗaga latas ɗaya, ta ga kuɗinsa, ta mayar da shi a hankali kamar jaririn wani.

"Auta, mu tafi," ta ce. "Wannan ba na ci ba ne, na kallo ne."

Ana nan sai wata maƙwabciya ta haɗa ta da wani da ake kira Mai-lambu. Ya ce gonarsa tana nan bayan gari, takin dabbobi kawai yake sakawa, ga araha, kuma har gida ake kawowa. Maƙwabciyar ce ta koya wa Yaya yadda ake ganewa: ganyen da ba a fesa ba, sai ka ga ƙwari sun huda shi. Tun daga nan Yaya ba ta yarda da lafiyayyen ganye. Tana buɗe leda za ta ɗaga alayyafo wajen taga tana neman huji. In ta ci karo da tsutsa, har kamar ta yi guɗa.

"Abin da tsutsa ta ci ta rayu, 'yata ma za ta ci," in ji ta.

Har ta daina jiƙa ganyen a ruwan gishiri kamar da. Ɗauraya ɗaya, sai tukunya. Latas da karas kuwa ɗanyensu take yanka wa yarinyar.

Amma ƙurajen ba su tafi ba, ƙaruwa ma suka yi, suka hau wuya. Yaya ta canza sabulu, ta canza zanen gado, ta hana ni shiga ɗaki da rigar aiki wai ina kwaso hayaƙin titi. Ganyen kaɗai ba ta taɓa zargi ba.

Ni aikina kai saƙo a babur. Wata safiya aka kira ni in ɗauki kaya a wani sito bayan babbar kasuwa, yaron da ke kai musu ya yi ciwo. Na shiga lungun, na tura ƙofar ƙarfe, wani wari mai kama maƙogwaro ya tare ni.

Kwalaye ne jibge har rufi, irin waɗanda manyan motoci ke saukewa daga nesa. Wani mutum da tankin feshi a bayansa yana bin kwandunan kabeji da latas yana fesawa. A tsakiya mata uku suna zaune kan benci suna hira, kowacce da abin huda takarda a hannunta, irin na ofis. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ganye suke hudawa. A gefe wata tana tsoma wankakken karas cikin bahon laka tana jerawa a rana.

Na tsaya kamar an dasa ni.

"Mai-babur, ƙaraso mana, ko ka ga aljani ne?" Wani kakkauran mutum ne da hular kaba da takalmin roba dogo, tsaf da shi, babu ɗigon ƙasa a jiki. Matan suna ce masa Mai-lambu. Bai san ni ba, don ban taɓa karɓar kayan da hannuna ba.

"Me ake fesawa?" na tambaya.

"Na kyankyaso ne. Sito ne, ɗan samari, in ba haka ba kafin gobe sun gama da ni."

"To hujin fa?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Mutanen yanzu ne. Ka kai musu ganye mai kyau su ce guba ne. Ka kai musu wanda ya sha wahala su yi maka godiya har da addu'a. Ni abin da ake so nake sayarwa."

Ya jawo wata kwalba mai faɗin baki daga ƙarƙashin tebur. Tsutsotsi ne kore shar a ciki, suna motsi kan wani ganye. Ya sa tsinke ya ɗauko ɗaya ya tura cikin kabeji.

"Waɗannan sai za a fita muke sakawa," ya ce. "Ba sa jimawa a kan kayan, mutuwa suke. Don haka ka yi sauri, kar ka tsaya hira a hanya."

Ya shiga yi mini kwatancen gidaje, leda bayan leda. Da ya zo kan ta ƙarshe ya ce, "Wannan layin masu walda za ka kai, gida mai shuɗiyar ƙofa. Matar nan mai yarinya mai susa." Ya juya wajen matan. "Ku sa mata tsutsa biyu, tana son su."

Gidanmu ne.

Ban san lokacin da na fito ba. Sauran ledojin a ƙofar siton na bar su, tamu kaɗai na rataya. Ina jin sa yana ƙwala mini kira, ban waiga ba.

Na tarar da Ɗigo zaune kan tabarma da kwanon yankakken latas da karas, ragowar na jiya. Tana ganina ta miƙo mini. "Kawu, ci."

Na fizge kwanon. Ta fasa kuka.

Yaya ta fito daga kicin da ludayi. "Kai Auta, lafiyarka? Abincin yarinya za ka ƙwace?"

Na faɗa mata duka, maganar tana fitowa a hargitse. Ta saurara, sannan ta girgiza kai.

"Ƙarya ne. Wani wurin ka je. Kai da ba ka tsayawa ka ga abu da kyau."

Na zazzage ledar a kan tire. Na ɗauko ganye biyu na ɗora ɗaya kan ɗaya, na ɗaga wajen taga yadda take yi. Hujin duk girmansu ɗaya, zagaye sumul, babu inda baki ya tauna. Ta karɓa ta duba, ta ɗauki wani ta duba. Sannan ta ɓare kabejin da hannunta. Tsutsotsin biyu suna nan. Ɗaya ta riga ta sandare. Ɗayar tana murɗawa a hankali, muna kallo har ta daina.

Ludayin ya faɗi daga hannun Yaya. Ta zauna a ƙasa, ta jawo Ɗigo, ta ɗaga mata riga tana kallon wuyanta da bayanta kamar yau ta fara ganinsu.

"Ni nake yanka mata," ta ce. "Da hannuna. In ta ƙi ci har lallashinta nake."

"Yaya, ba ki sani ba."

"Ko wankewa na daina, Auta."

Ɗigo ta daina kuka, tana ta susar wuya tana kallonmu. Yaya ta riƙe mata hannun, ta miƙe ta goya ta. Ta tattara kabejin da matattun tsutsotsin da ragowar kwanon, ta ƙulle a leda.

"Likita zai ga wannan da idonsa, ya san abin da zai nema a jikinta," ta ce. "Tayar da babur. In mun dawo ka kai ni gidan duk wadda na ba lambar mutumin nan."

Na tayar. Ta hau, ta sa ledar a tsakaninmu, muka nufi asibiti.