Ɗaki Ɗaya a Fandishon Sila

"Miƙo na ƙarshen," in ji Arzika kafinta daga saman ginin.

Monica ta ɗaga fallen kwanon. Iska ta so ƙwace shi, ta riƙe. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ga kuma babur ɗin Haggai, yayan mijinta, yana shigowa daga hanyar Ribah.

Ta san abin da ya kawo shi. A zaman dangi ya yanke magana: idan ruwan fari ya sauka babu rufi a filin mijinta marigayi Sila, za ta kwashe kaya ta koma gidansa, filin kuma a sayar.

Sila ya zuba fandishon gidan ne bayan dawowarsa daga aikin soja a Saliyo. Falo biyu, ɗakuna a jere, har da wurin motar da bai saya ba. Bulo ya kai gwiwa, ciwo ya kwantar da shi. Bayan rasuwarsa, da lokacin barin bariki ya yi, Monica ta kwance igiyar shanyarta, ta auna ɗakin da suka raini 'ya'yansu a ciki, ta yi ƙulli a kowace kusurwa. Wannan igiyar ta shimfiɗa wa magini a gefen da Sila ya ware don sito. Ta ce nan, kuma iya nan.

Haggai ya kashe babur, ya zagaya ginin. Zagayen bai ɗau lokaci ba.

"Matarmu, akurkin ya yi kyau. Ina gidan?"

"Kana tsaye a gabansa, Yaya."

"Sajan guda! Ya je ƙasar wasu ya dawo, a ce matarsa tana kwana a sito? Me zan gaya wa mutanen coci?"

"Ka gaya musu ba haya take yi ba."

"Gida na ce a gina."

"Rufi ka ce, a gaban kowa. Ga rufi."

Arzika ya leƙo, ƙusa a bakinsa. "Baba, in faɗa za ku yi, ku bari in gama bugu. Hadarin ga ba ya jiran kowa."

Ya buga ta ƙarshe, ya diro, ya ruga gida. Ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Haggai ya tsaya a fili yana jiƙa, don kada a ce ya nemi mafaka a akurki. Monica ta buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe. Ba ta kira shi ba. Da rigarsa ta manne a jikinsa, ya shigo da kansa.

Ya cire hula yana ƙunƙuni, ya miƙa hannu bayan ƙofa ko dubawa bai yi ba. Hular ta zauna a kan ƙusa.

Sai ya dubi hannunsa.

Gado a kan bulo, akwatuna a ƙarƙashinsa. Tebur mai ninkewa jikin bango. Tukwane a rataye, risho a ƙasan taga, hoton Sila da kaki a inda yake kullum. Tsakanin gado da ƙofa akwai wurin tabarma ɗaya. A irin wannan wurin Haggai yake kwana a ɗakin bariki duk lokacin da ya je wa ƙanensa ziyara.

"Wannan ai ɗakin Sila ne," ya ce.

"Nawa ne. Zauna, kana ɗiga min a daɓe."

Ya zauna a bakin gado. Ruwa yana dukan sabon kwano, ko ɗigo bai shigo ba. Monica ta kunna risho ta ɗora shayi. Ta taga ana ganin sauran fandishon yana cika da ruwa.

"Sauran fa?" ya tambaya.

"Falo kuɓewa zan shuka. Ɗakunan kuma masara. Bulon ya isa ya tare awaki."

Haggai ya daɗe yana kallon babur ɗinsa a cikin ruwa.

"Wurin motar kada ki shuka komai," ya ce. "In na zo, a nan zan riƙa ajiye babur."

Monica ta miƙa masa kofi.

"Sai dai gefe. Na riga na zuba barkono."