Kumatu a Ɗakin Baba

Da wata annoba ta shigo gari, matar gidan ce cutar ta fara kamawa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda goge-goge take yi a asibiti, kullum hannunta cikin bokiti da zanen gadon marasa lafiya. Ran da zazzaɓi ya kayar da ita, ba ta kanta take ba, ta ɗanta take. Kumatu suke ce masa, bai ma cika shekara ba, ga shi ɓul-ɓul kamar ka lashe.

"Ku raba shi da ɗakin nan!" ta ce wa mijinta tana haki. "Ƙanƙanin abu ne, in ta kama shi ya tafi."

Sai surukinta, tsohon tela, ya leƙo daga bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuya.

"Miƙo min abokina. Ni da cuta mun daɗe da sanin juna, tsorona take ji. Kai kuma sarkin ci, in ka jiƙa min katifa, wandon buhu zan ɗinka maka."

Haka aka kwashi Kumatu da 'yar majinarsa aka kai ɗakin Baba, ita kuma aka wuce da ita asibiti.

Can a gadon jinya, da ta ɗan samu kanta, ta shiga ba wata nas labari, baki har kunne. Yaronta lafiya lau! A ƙirjin kakansa yake barci, cokali ɗaya suke sha!

Nas ta tsaya cak da allura a hannu.

"Kakan tsoho ne sosai?"

"Gemu fari fat. Amma da ƙarfinsa."

"Yaron yana majina?"

"'Yar kaɗan."

"'Yar'uwa, dubi ɗakin nan. Mu mata muka cika shi, don mu ke jinya da wanki, kuma yawancinmu da ƙafarmu muke fita. Leƙa ɓangaren maza ki gani, tsofaffi take kwashewa. Yara sau da yawa majina kawai take sa su, su kuma su shafa wa mai riƙonsu. Kira gida a raba su."

Ta kira. Mijin ya yi dariya, ya ce Baban da ko maganin ciwon kai ba ya sha? Ta jiyo muryar tsohon daga nesa yana cewa a gaya mata abokinsa ya soma tsayuwa, da ƙafar keken ɗinki yake kamawa. Tsayuwa! Nan take maganar nas ta bi iska. In an ɗauke shi daga wurin Baba, wa zai riƙe shi? Ba ta sake tayar da zancen ba.

Daga baya in ta kira, mijin sai ya ce kowa lafiya, ya kashe wayar da wuri.

Ran da aka sallame ta, da sauri-sauri ta shigo gida, mayafi na jan ƙasa. Ta ga takalma da yawa a ƙofar falo, ba ta ma kula ba, don ga Kumatu a tsakar gida. Tsaye! Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, dagwai-dagwai, yana jan tef ɗin awo a bayansa, ya faɗo jikinta. Kumatun nan suna nan, ko ramewa bai yi ba.

Ta sure shi tana dariya tana hawaye, ta nufi ɗakin tsohon da gudu.

"Baba! Baba, fito ka ga abokinka, tafiya yake!"

Ɗakin a share. An naɗe katifa an jingine, an lulluɓe keken ɗinki da zane. Mijinta na tsaye a bayanta, idanu jawur.

Kumatu ya zame daga hannunta, ya taka har gindin keken, ya kama ƙafar keken, yana waige-waige.