Mai Riƙe Agogo

Kowa a layinsu Likita yake ce masa, ko da yake iyakar likitancinsa miƙa magani ta tagar asibiti. Shekara biyu ke nan yana fama da Faransanci, don ƙasar da yake son kai iyalinsa ba ta karɓar mutum sai ya ci jarrabawar harshen. Karatu da rubutu ya haye. Magana ce ta kayar da shi har sau biyu, ga shi saura wata biyar ya cika arba'in, makin da ƙasar take ba mai neman shiga bisa shekarunsa ya ragu.

Kullum da safe matarsa, wadda tela ce, takan ture yadi gefe a kan teburin yanka ta riƙe masa agogo. Shi ne mai neman hayar gida, ita ce mai gidan, kamar yadda ake yi a jarrabawa. Da farko daga takarda take karanto amsoshinta. Daga baya ta daina duba takardar. Bai lura ba, don bawan Allah kansa kawai yake saurare.

Ran nan malamarsa ta Faransanci ta bugo waya yana wanka, matar ta ɗauka. Ya fito da tawul a wuya ya tarar suna hira da Faransanci, har da dariya. Dariyar ce ta fi ƙona masa rai. Shi bai taɓa ba wani dariya da harshen nan ba, sai dai a yi masa.

Da ya karɓi wayar malamar ta ce, "Likita, ashe da gwana a gidanka kake wahala? Ta zauna jarrabawar mana. Sai a cike takardun tafiya da sunanta, kai ka bi a matsayin miji. Amma ran Juma'a za a rufe rajista."

A matsayin miji. Yini ya yi yana ƙirga ƙwayoyi yana tauna maganar. Shi ya sayi littattafai, shi ya sha haddar har bakinsa ya yi tsami, ita kuwa tana taka keke ta tsinci harshen kamar allurar da ta faɗi ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi ya ji, tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne.

Washegari ya ɗauki agogon da kansa. "Zauna, mu ma mu ji gwanintar."

Ta fara tiryan-tiryan. Sai ta ɗago ta ga fuskarsa, nan take harshenta ya sarƙe. "Baban yara, me ake ce wa taga ma?"

Ya gaya mata, ya ji wani sanyi a ransa. Kwana uku ana haka, tana tuntuɓe yana gyarawa, har abincinsa ya ƙaru. Ya ma aika wa malamar saƙo cewa tela da sauranta tukuna.

Ran Alhamis ta sake tsayawa. "Na manta sunan matakala."

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna. Watan jiya shi ne ya maƙale a kalmar nan, ita ta jefo masa ita tana yankan hannun riga, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da almakashi. Wato ta gwammace tafiyar ta wuce su, da ita da yara, da ta ga ya ji kunya a cikin gidansa.

Ya mayar da agogon farko. "Sake. Kuma kada ki ƙara yi mini kara."

"Baban yara..."

"Na ce sake."

Ta yi minti biyar cur ba ta yi tuntuɓe ba. Biron gyara yana hannunsa, bai sami abin rubutawa ba, kuma Allah ya sani ya nema.

Kishin bai tafi ko'ina ba. Da shi ya bi layin rajista ran Juma'a, fasfo ɗinta a aljihun rigarsa. Da ya kai gaban tebur, ma'aikaciyar ta gane shi, ta ce, "Karo na uku ke nan, ko?"

Ya miƙa mata fasfon. "Ba ni ba ne. Ni mijin ne."