Tsatsa a Bindigar Maharbi

"Ba ta nan ake kama ta ba, kai! Ta ƙota. Hannunka duk gumi ne."

Mai Guga ya yi sauri ya mayar da hannunsa kan katakon. Bindigar mai baki biyu ce, ta fi yadda ya zata nauyi. Ya sauko da ita daga ƙusar bango, ya zauna a tabarma, ya ɗora ta a cinya kamar an miƙa masa jaririn wani. Daga kan gado, tsohon maƙwabcinsa, wanda duk unguwa ke kira Maharbi, yana bin sa da ido. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun farkon damina. Baki ya karkace, amma faɗan yana nan.

"Baba, idan ɗanka ya dawo fa?"

"Yana tasha sai yamma. Direba kake tsoro? Ni na haife shi. Jawo akwatin da ke ƙarƙashin gadon nan."

Tun da ciwon ya kwantar da tsohon, Direba ya dawo gidan yana jinyarsa. Ba wanda zai ce bai yi ba. Shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi, magani bai taɓa wuce lokacinsa ba. Sai dai a ranar farko ya zaro bindigar daga jakarta, ya rataye ta a bangon da ke kallon gado, dab da taga inda feshin ruwan sama ke shigowa, ya ce duk wanda ya taɓa ta, shi da shi ne. Masu zuwa dubiya suka yi ta sa masa albarka, wai ya ajiye wa ubansa abin da yake so a gaban idonsa.

Mai Guga kuwa katanga ɗaya ta raba su. Shekara da shekaru yana tsaye da dutsen guga yana hango tsohon ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya wargaza bindigar nan gunduwa-gunduwa, yana gogewa yana fito, ko an je daji ko ba a je ba. Saboda haka ya san abin da ake nufi da wannan ƙusa. Ja-ja-jan tsatsa ya fara fitowa a jikin ƙarfen, tsohon kuma yana kwance yana kallon ta tana yaɗuwa. Kullum ya shigo gaisuwa sai tsohon ya roƙe shi ya goge masa ita. Yau dai kunya ta ci ƙarfinsa.

A cikin akwatin akwai kwalbar mai, da siririn ƙarfe mai tsawo, da buroshi, da tsummoki an yanka su daidai wa daida, an jera.

"Danna wannan, ka karya ta. Yauwa. Leƙa ka tabbata babu harsashi."

"Ai na san babu, Baba."

"Ban tambaye ka abin da ka sani ba. Leƙa!"

Ya leƙa. Ya naɗa tsumma a kan siririn ƙarfen, ya nufi bakin bindigar da shi.

"Ta baya! Wane jakin ne ke zura mata ta baki? Ɗigo biyu na mai, ba miya kake yi ba."

Tsumman farko ya fito ja wur. Na biyu ya fito da sauƙi. Mai Guga mutum ne da ya san daɗin ganin abu ya miƙe a ƙarƙashin hannunsa, kafin ya ankara ya manta da ƙofa. Ƙamshin mai ya cika ɗakin, ya danne warin magani. Tsohon ya lumshe ido yana shaƙa.

"Kawo in taɓa."

Ya matsa da ita. Maharbi ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan ƙotar, yana shafa ta da babban yatsa, a hankali, a hankali.

"Ka ji ta? Ba ta taɓa kwana da datti ba. Ko da tsakar rana na dawo ƙafa na jini, sai na goge ta sannan in sha ruwa." Ya yi wata 'yar dariya, yawu ya zubo ta gefen bakin. "Kai ma da hannunka bai yi kama da na mai kirɓa ba, da ka iya."

Ba su ji tsayuwar mota ba. Inuwa kawai suka ga ta tare ƙofa.

Direba na tsaye da ledar magani a hannu. Ƙato ne, ba mai yawan magana ba. Ya dubi akwatin, ya dubi tsummokin.

"Maƙwabci, sannu da aiki. Guga ta ƙare ne?"

"Ni na sa shi," in ji tsohon.

"Na sani, Baba." Ya ajiye ledar, ya miƙo hannu. Mai Guga ya ba shi bindigar, ko musu bai yi ba.

"Saura baki ɗaya," in ji tsohon. Muryarsa ta sauka yadda Mai Guga bai taɓa ji ba. "Ɗaya kawai. Ka bari ya gama, ɗana."

"A bari ya gama." Direba ya gyaɗa kai, ya juyo ga Mai Guga. "Ka san ranar da Innata ta faɗi a bakin murhu? Ba ka zo unguwar nan ba tukuna. Na ruga na same shi a kan buhunsa, na ce Baba, Inna ba ta motsi, zo mu kai ta asibiti. Ya ce in tsaya ya gama, ba a barin ta a buɗe ƙura ta shiga. Har ya miƙo mini kwalbar mai in riƙe masa. Na riƙe. Ya gama kuwa, tsaf. Kafin nan Inna ta cika."

"Ban san abin ya kai haka ba," in ji Maharbi.

"Ai ba ka leƙa ba."

Direba ya fita da bindigar. Can sai suka ji bugun guduma. Ya kafa sabuwar ƙusa a katangar tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo, inda ake hangowa sarai daga kan gado. Ya rataye ta baki sama. Sannan ya dawo ya wanke hannu, ya tallafo kan ubansa, ya ba shi magani da cokali, ya goge masa baki.

Da yamma aka tsuge da ruwa.

Washegari Mai Guga ya shigo, ya tarar da tsohon ya juya fuska ga taga. Ruwan indararo ya cika bakin bindigar har yana tumbatsa.

"Baba, in saki labule?"

"Bar shi."

"Ko in juya maka gadon?"

"Na ce bar shi. Da can ba ka san ka riƙe ta ba? Miƙa masa ka yi kamar kuɗin mota."

Mai Guga ya fita tsakar gida. Ya yi niyyar ya ɗauke ta ya ɓoye a shagonsa, ya ma tsaya a gabanta sau da yawa. Sai ya tuna kafaɗun Direba, ya tuna yaro riƙe da kwalbar mai, ya wuce.

Tsohon ya daina faɗa, daga baya ya daina cin abinci. Wata safiya, gawayi bai gama kamawa a dutsen guga ba, Direba ya leƙo ta kan katanga.

"Maƙwabci, Baba ya cika."

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit, Mai Guga na ninke kayan wani sai ya ji ƙarar ƙarfe daga can ɓangaren. Ya ɗaga kai. Direba ne zaune a tsakar gida, ya sauko da bindigar, ya wargaza ta, ya jera kowane yanki a inda ya dace ba tare da ya duba ba. Yatsunsa na tafiya da sauri, babu kuskure ko ɗaya. Ashe duk unguwar ba wanda ya kai shi iyawa.

Ya ɗago, suka haɗa ido.

"Za ta tashi," ya ce. "Tsatsar ba ta ci ciki sosai ba."

Ya sunkuya ya ci gaba da kankarewa. Jan gari na zuba a kan yatsun ƙafarsa, bai kakkaɓe ba.