Ƙofar Ofishin Mai Alli

Mai Alli ya rasu tun bara, amma har yau yana koyar da lissafi a shafin jami'a. Lokacin da aka ce malamai su ɗora darussa da atisaye a intanet don ɗaliban da aka bari a baya, shi ya fi kowa mita, shi kuma ya riga kowa gamawa. Dogo, abokin zamansa a ofis shekara da shekaru, shi ya riƙe masa waya. Ga shi nan a bidiyon, hannun riga duk ƙurar alli, yana goge allo da tafin hannu alhali ga tsumma a gabansa. Kowane darasi da magana ɗaya yake rufe shi: "Wanda bai gane ba kada ya ji kunya, ya same ni a ofis."

Sabbin ɗalibai kuwa ina suka sani? Da atisaye ya gagare su sai su taho nemansa.

"Malam, a yanke wannan maganar daga bidiyon," in ji shugabar sashe ga Dogo. "Jiya wata ɗaliba da kuka ta fita da aka gaya mata ya rasu."

Dogo ya ce to. Ya zauna gaban kwamfuta, ya kai bidiyon ƙarshe, amma maimakon ya yanke sai ya yi ta maimaita wurin. Ya tuna yadda ofishin nan ke cika maƙil da yamma, wasu a kujera, wasu a bakin taga, shi yana tsaki an hana shi duba takardu, Mai Alli yana dariya yana cewa, "Kai dai ka cika baƙin rai, matsa musu mana." Hayaniyar da ya tsana, yau ita yake kewa, kewa mai ciwo.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ɗalibi ne riƙe da waya, yana rarraba ido.

"Malam, don Allah malamin cikin bidiyo nake nema. Akwai tambayar da ta ƙi ni."

"Allah ya yi masa rasuwa."

Ɗalibin ya yi salati, ya juya jiki a sanyaye.

"Ina kuma za ka? Jawo kujerarsa ka zauna. Nuna min inda ka tsaya."

Washegari shugabar ta tare shi a baranda, ta tambaye shi ko ya yanke.

"Ban yanke ba, ranki ya daɗe," ya ce. "Ki bar shi ya ci gaba da kiransu. Ni zan riƙa buɗe musu ƙofa."