Lambar Jikin Taya

Duk asibitin ba mai kiransa da sunansa. Ƙafa-Huɗu ake ce masa, don shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana jan motar asibiti mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke kai malaman jinya da allurar rigakafi ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Mutum ne mai ji da kansa a kan sana'arsa, kuma a faɗi gaskiya, ya isa. Sai dai akwai abin da ya ɓoye wa kowa, har matarsa: idonsa ya fara yin yana, gani ya ragu. Hanya kam yana binta, tunda ya san kowane rami kamar yunwar cikinsa, amma ƙananan rubutu sun daɗe da gagararsa. Ya kuma sani sarai, ranar da Manaja ya ji, ranar zai karɓe makulli.

Da damina ta kawo kai, Manaja ya kira shi ofis.

"Tayoyin motar nan sun suɗe," in ji Manaja. "Je ka zaɓo sababbi. Kai ka san hanyar, ni takarda na sani."

Bai zarce ko'ina ba sai shagon ɗan amininsa marigayi. A gabansa aka haifi mai shagon nan, yau ga shi magidanci da 'ya'ya uku, amma har gobe in ya hango Ƙafa-Huɗu sai ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Haka ya yi ranar, sannan ya sa aka gangaro da taya iri uku aka jingina da bango.

"Baba, ga ta kwalta, ga ta taɓo, ga kuma mai shiga ko'ina. Wacce za a ba ka?"

Nan fa aka zo fagensa. Ƙafa-Huɗu ya tashi ya shafa ta kwaltar, ya ce wannan ta 'yan gayu ce, ruwan farko za ta kunyata mutum. Ya cusa yatsu cikin haƙoran ta taɓon, ya ce wannan a laka sarauniya ce, amma a kan kwalta kukanta ba zai bar malaman jinya su yi gyangyaɗi ba, ga saurin cinyewa. Ya danna gefen ta ukun da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai.

"Wannan. Rabin tafiyarmu kwalta ce, rabi burji da yashi. Gefenta da kauri, dutse ba zai yi mata komai ba."

Har wani mai sayen taya da ke tsaye ya matso yana sauraro. Ƙafa-Huɗu ya ji daɗi har cikin ransa.

"To Baba, dubo mana lambar jikin tsohuwar, in fito da daidai ita."

Ya fita ya tsuguna gaban motar. Lambar tana nan, yana jin tudunta a yatsa, amma idon ya ce bai san zance ba. Baƙi ne a kan baƙi, yana rawa. Ya goge da hannun riga, ya matso, ya ja baya, a banza. Abin da ya rage kawai ya ce, ɗana, zo ka karanta. Kalma huɗu. Amma mutumin nan na tsaye yana kallonsa, shi kuma yanzun nan ya gama koyar da jama'a. Sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya faɗi lambar da ke kansa. Lambar tsohuwar motar asibiti ce, wadda ya ja shekara goma sha biyar kafin a canza ta.

Mai shago bai bi bayansa ya duba ba. Ina zai duba abin da Baba ya duba? Mai ɗaura taya ne kawai, da ya zo sa ta farko, ya tsaya ya gwada ta da tsohuwar.

"Maigida, a wili dai ta zauna, amma ta fi ta da tsawo da faɗi."

Ƙafa-Huɗu ya gane kuskurensa. Dama ta biyu ke nan, ita ma ya sake ta.

"Da gangan ne," ya ce. "Mota ta ƙara tashi daga ƙasa. Yi aikinka."

Washegari da sassafe aka loda mota. Akwatin sanyi na allura, kwalaye, ma'aikata uku a baya, Sista a gaba kusa da shi kamar kullum. Sista ita ce babbar malamar jinya, mace mai ƙarancin magana. A kan kwalta lafiya lau. Suna sauka burji, nauyi ya danna motar, sai ya fara jin gurza a duk kwana da duk rami. Taya ce ke cin bakin ƙarfen da ke samanta. Ya ji, ya gane, ya ƙara muryar rediyo.

A gangaren wani rafi ta gaba ta dama ta tsage. Ya ɗaura safaya, wadda ƙarama ce irin ta da, motar ta karkace, bai kuma isa ya sa giyar ƙafa huɗu a kan tayoyin da ba su yi daidai ba. Suka kafe a yashi. Awa biyar suka yi a wurin kafin wata tarakta ta jawo su. Ƙanƙarar akwatin ta narke, allurar ta lalace. Matan da suka yi sammako da jarirai a goye suka gaji da jira suka watse. Duk hanyar dawowa Ƙafa-Huɗu ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana biyu bayan haka Manaja ya tara su a ofis: shi, da Sista, da mai shago. Ran Manaja a ɓace yake, kuma ba Ƙafa-Huɗu yake wa faɗa ba, mai shago yake wa.

"Mutum mai shekara ashirin a kan sitiyari ba zai yi kuskuren lambar taya ba. Kai ne ka ɗura mana abin da ya kwantai a shagonka. Daga yau asibitin nan ya gama da kai, kuma zan gaya wa duk wanda ya tambaye ni."

Mai shago ya saci kallon Ƙafa-Huɗu sau ɗaya. Ya riga ya ga tsohuwar tayar, ya san abin da aka faɗa masa da abin da ke rubuce. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Baba daidai ya faɗa, ni ne ban ji da kyau ba."

Wallahi da mai shago zagin Ƙafa-Huɗu ya yi da ya fi masa sauƙi. Ɗan da ya kamata shi ya rufa wa asiri, shi ne yau yake ƙarya a kan kansa don ya rufa masa. Ƙafa-Huɗu ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Ya laluba aljihu, ya ajiye makulli a kan teburin.

"Ba laifinsa ba ne. Lambar ce ban iya karantawa ba, na faɗi wadda ke kaina. Idona ba ya gani sosai."

Manaja ya dubi makullin bai taɓa ba.

"Tun yaushe?"

"Zai yi shekara biyu."

Ya ɗauka Manaja ne zai yi magana, ya shirya wa kora, ya shirya wa faɗa. Amma Sista ce ta juyo, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Shekara biyu, Baba. Ran da 'yata ta yi hutu na ɗauko ta muka je ƙauye tare, a gaba ta zauna, kusa da kai. Ka tuna?"

Ya tuna.