Keken Ɗan Reluwe

"Wa ke kankare tukunya a zaurena?"

Muryar Baba Mala ce daga ɗakin da yake jinya, daf da zauren. Abdulgani tela, maƙwabcinsa da suka haɗa katanga, ya dubi Inna Yakaka, matar tsohon, ita ma ta dube shi. Soson da ke hannunta cike yake da jiƙaƙƙen yashi, abin da ke gabanta kuwa ba tukunya ba ce. Keke ne jingine da bango, tsatsa ta bi kansa da wilinsa ta yi ja, kamar an barbaɗa masa garin barkono.

Sun so su ɓoye masa ne. Sun manta cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran keke a bakin titin Fagge, ko idonsa a rufe ya san kukan kowane ƙarfe.

Keken ba na Baba Mala ba ne. Na Cyprian ne, wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Sabon Gari, wanda tsohon yake kira Ɗan Reluwe. Ya kawo shi gyaran birki ana jibi faɗa zai ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Da ƙura ta lafa aka ce ya kwashi iyalinsa ya bi jirgi zuwa kudu. Baba Mala ya gyara birkin ya ajiye keken. Shekaru suka wuce, bai hau ba, bai ba da aro ba. Duk Juma'a da safe sai ya fito da shi ya goge ya mayar.

Da ciwo ya kwantar da shi a farkon damina, Yakaka ta tura keken ɗakin ajiya, ba ta lura rufin yana yoyo ba. Sai ga shi jiya Abdulgani ya je sayen zare a Kasuwar Sabon Gari ya hango Cyprian a rumfar matarsa Agnes mai manja. Ya dawo ya faɗa wa tsohon. Baba Mala ya daɗe yana hamdala, sannan ya ce a fito da amanar mutane.

Yanzu babu sauran ɓoyo. Abdulgani ya tura keken har bakin gado. Baba Mala ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen, yatsansa ya tsaya a inda yashin ya bi, wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ya dushe ya yi zane-zane.

"Yakaka, da sai ki zuba ruwa ki ɗora shi a murhu."

"To ni tasoshina haka nake musu, kuma ka ci abinci a ciki ba ka taɓa ƙorafi ba," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi.

Bai yi faɗa ba, ba shi ma da numfashin faɗa. Ya bayyana musu a hankali cewa farin da ke ƙyalli a jikin keke ruwa ne aka yi wa ƙarfen a sama, siriri kamar ɓawon albasa, yashi kwashe shi yake yi har abada. Abin da ake so shi ne lemun tsami, da tsumma mai laushi, da takardar azurfa irin ta cikin kwalin sigari.

Abdulgani ya lura da yadda ƙirjin tsohon ke ɗagawa da ƙyar. Ya ce a kira Cyprian yau ɗin nan, mutum ne mai hankali, zai fahimta.

"Da ƙyallinsa ya kawo mini," in ji Baba Mala, ya juya fuskarsa bango.

Haka Abdulgani, wanda ko a sahun masallaci ba ya son tsayawa kusa da mai warin taba, ya kama bin masu teburin sigari daga Fagge har cikin Sabon Gari yana roƙon kwalayen da aka yar. Wani mai tebur ɗan unguwar Kwaciri da ya san shi ya ce ashe Malam ma an shigo layi, in kunya yake ji ya riƙa aiko yaro. Abdulgani ya ce masa in ya zo karɓar rigar sallarsa za su yi maganar kunya. Ya dawo da aljihu cike da takardu, babbar rigarsa tana wari.

A gaban gadon ya yi aikin, tsohon yana kallo. Ya matse lemun a kan ƙarfen ya bar shi ya jiƙa, ya dunƙule takardar azurfar ya tsoma a ruwa, ya shiga gogawa. Da farko wani baƙin ruwa ne ya riƙa fita, har ya zaci ya ɓata ƙarfen. Da ya share da tsumma sai ga farin ƙarfe, har ya ga hancinsa a ciki. In ya danna da ƙarfi Baba Mala ya ɗaga yatsa, shi kuma ya sassauta. Inda ya gama sai ya ɗiga man kekensa na ɗinki ya murza. Kafin magariba kan keken da ƙararrawa da wilin gaba sun dawo. Tabon yashin ne kawai ya ƙi.

Washegari Baba Mala ya kau da kai daga koko. Numfashinsa ya canza, irin canjin da Abdulgani ya taɓa ji a bakin mahaifinsa. Wilin baya kuwa yana nan ja. Abdulgani ya tsaya da takarda a hannu yana duban keken, yana duban gadon. In ya zauna ya ƙarasa, wataƙila ya kawo mai kaya ya tarar babu mai miƙa masa. Ya damƙa wa Yakaka takardar da rabin lemu, ya ce ta bi a hankali kamar tana goge idon jariri, ya sa takalmi ya fita bai nemi izini ba.

Ya sami Cyprian yana taya Agnes jera kwalabe. Da ya ji sunan Mala sai ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. A hanya ya ce tun da ya dawo yake son ƙetarowa Fagge, ƙafarsa ce take nauyi, bai san da wace fuska za a karɓe shi ba. Da Abdulgani ya ambaci keke sai mutumin ya ja ya tsaya a tsakiyar titi. Shi ai ya daɗe da cire shi a ransa.

Sun tarar da Yakaka a durƙushe, yatsunta sun yi baƙi, wilin baya yana ɗaukar ido. Abdulgani ya yi hamdala.

Cyprian ya cire takalmi ya durƙusa a gefen gado ya kama hannun tsohon.

"Ɗan Reluwe, ka yi tumbi," in ji Baba Mala.

"Baba, kai kuma ka rame. Inna ba ta ba ka tuwo ne?"

Tsohon ya yi ɗan murmushi. Ya ce birkin an gyara tuntuni. Sannan ya sa Abdulgani ya juyo da kan keken, ya nuna tabon da kansa, ya ce wannan a gidansa ya samu, yana neman a yafe. Cyprian ya bi wurin da babban yatsa. Ya ce shi Agnes da toka da tsakuwa ta taɓa wanke masa agogo, Inna ai ta yi sauƙi.

"Ba wasa nake ba. Faɗi da bakinka, ga shaidu."

Cyprian ya gyara durƙuso. "Na karɓi kekena lafiya, Baba. Na yafe."

Baba Mala ya lumshe ido, kafaɗunsa suka kwanta a kan matashi. Ya ce to a hau a ji ko birkin yana ci. Abdulgani ya ba tayoyin iska, Cyprian ya fitar da keken ta zaure ya hau, ya kewaya lungun yana layi saboda an daɗe ba a haɗu ba. Da ya zo saitin tagar ɗakin ya kaɗa ƙararrawa, ya taka birki, keken ya tsaya cak. Abdulgani yana kallon fuskar tsohon a lokacin. Ya ga ya gyaɗa kai.

Ana kiran azahar Baba Mala ya cika, Abdulgani yana maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa suna bi. Yakaka ta yi kukanta a hankali. Da ta share fuska ta ce Alhamdu lillahi, ya tafi babu kayan kowa a wuyansa. Kafin la'asar aka kai shi. Cyprian ya bi bayan mutane har maƙabarta yana tura kekensa, bai hau ba.

Da yamma Abdulgani ya shigo da tabarmin da za a shimfiɗa wa masu gaisuwa. Ya tarar Yakaka ta share zauren tas, ta tattara ɓawon lemu da dunƙulallun takardu a murfin kwano. Daga ƙofar ɗakin har bakin zaure, sawun taya yana nan kwance a damshin ƙasa. Tsintsiyar ta bi gefe da gefensa ta bar shi. Abdulgani ya matsar da tabarmar jikin bango ya shimfiɗa.